Shaidar Jaki a Kasuwar Bunguɗu

Lokacin da na isa Tsafe babu sauran mai rai da na yarda da shi a duniya, in ka ɗauke jakina. Kada ku ga laifina. Tun da na baro ƙauyenmu can ƙasar Tasawa, a hannun Faransa, ba a bar ni na huta ba. Wani ya sayar mini da kanwa, na fasa na tarar rabinta ƙasa ce. Wani kuma ya ce in ara masa bargona ya yi salla a kai, har yau ina jira ya sallame. To, wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Duk wanda ya yi mini murmushi sai in duba kayana.

Jakin ma ba nawa ba ne. Auraki muke ce masa saboda launinsa, kuma shi kaɗai ne abin da Baba ya mutu ya bar wa Inna. Da shi take ɗebo ruwa daga rijiyar da ke can bayan gari, da shi take kai tabarmin kaba kasuwa, domin bayanta ya daɗe da ƙin ɗaukar kaya. Shekarar nan damina ta yi mana gardama, gero bai kai ko'ina ba, ga haraji yana jira. Shi ya sa ta daure ta ba ni shi in fita cin rani. Magana ɗaya ta yi mini: ko ban samo komai ba, in dawo mata da Auraki a kan ƙafafunsa. Saboda haka duk inda na kwanta, igiyarsa tana ɗaure a ƙafata.

Zamanin nan Turawa sun zauna, amma jirgin ƙasa bai iso Gusau ba tukuna, labarinsa kawai ake yi. Duk abin da zai motsa sai a kan jaki ko raƙumi ko kan mutum, don haka mai jaki ba ya rasa aiki. Na yi rani a Tsafe ina dako: dawa daga gona zuwa rumbu, taki daga gida zuwa gona, wani lokaci ƙasar gini. Da dawa ake biyana, ina tarawa a gidan wani maƙeri da ya ba ni wurin kwana a zaurensa. Mutanen kirki ne, yanzu na san haka. Amma a lokacin in matarsa ta ƙara mini miya sai in ce me take nema, in shi kuma ya yaba Auraki sai in wuni ina tunanin da wa ya haɗa baki. Ga kewar gida tana cina. Mu mutanen gero ne, fura muka sani, tuwon dawar nan nasu ina ci ne kawai don kada in faɗi.

Wata ranar kasuwa ina tsaye sai na ji wani yana zagin akuya da irin zagin garinmu, wanda ba na jin kowa yana yi sai mu. Na juya na ga dogon mutum mai fara'a, bakinsa ja da goro. Ya ce sunansa Tanko. Da na faɗi sunan ƙauyenmu sai ya dafa ƙirji, ya ce ai ya sha ruwan rijiyarmu, ya kwatanta mini kukar da ke bakin gari, har reshen da tsawa ta karya. Wallahi saura kaɗan in yi kuka a tsakiyar kasuwa. Nan take ya fara kirana ƙanensa, ni kuma na ce masa Yaya. Na kwashe duk zargin da nake wa mutanen gari na zuba masa, shi kuwa sai kaɗa kai yake, yana cewa gaskiyata, kada in sake da kowa a ƙasar nan. Abin da ya sa na yarda da shi ke nan. Duk wanda nake zargi, shi ma yana zarginsa.

Bazara ta shigo da zafinta. An ƙone daji, ciyawa ta ƙare, tumaki suna bin gari suna tsintar tsumma. Sai Tanko ya ce mini dako wahala ce, arziki yana cikin harawa. Ya ce wanda ya yanke ganyen wake ko na gyaɗa da kaka, ya shanya, ya naɗe ya ajiye a kan rumfa, to yanzu shi ne sarki, domin mai dabba zai ba da abin da ba ya so ya saya. Ya ce ya san wani manomi wajen Bilbis da ke da ita tuli, kuma da araha. In kawo dawata mu musanya, mu kai Gusau, mu raba riba. Da na je kwasar dawar, maƙerin ya dube ni ya ce harawa ba ta araha a bazara haka kawai, ruwa ba ya tsami banza. Na ce a raina hassada ce, na kwashe kayana ban ko yi masa sallama ta kirki ba.

A Bilbis Tanko ne ya yi ciniki, shi ne kuma ya yi ɗauri. Da sassafe ya tura ni in shayar da jakuna, Auraki da wani toka-toka da ya yi haya a wurin manomin. Kafin in dawo ya gama. Kai, ɗauri ya yi kyau! Kowane dami kore shar, har da kwanson wake yana reto a jiki. Na miƙa hannu zan ɗan buɗa ɗaya, ya buge mini hannu. Ya ce harawa in an ɗaure ba a kwancewa, domin ganyen yana kakkaɓewa, kuma ganyen ake saye, ba kara ba. Wannan gaskiya ce, har gobe haka take. Na ji ɗan warin kanwa yana tashi, ya ce ya yayyafa ruwanta ne don dabba ta ji daɗin ci.

Da muka kama hanya sai ya fito da takunkumi biyu, ya sa wa jakunan a baki. Ya ce kada su cinye mana jari. Ya kuma ce a rage musu abinci har mu sauke kaya, ruwa kawai, wai jaki mai ƙoshi malalaci ne. Abin bai kwanta mini ba. Muka bi ta Kuceri, rana tana dukanmu, ina kallon cikin Auraki yana lotsewa, yana juyowa yana kallona ta saman takunkumin. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ce Yaya ya fi ni sanin sana'ar.

Gusau ta ba ni tsoro. Ban taɓa ganin mutane iri-iri haka ba, ga fatake, ga Yarabawa, ga masu kai gyaɗa da auduga kantin Turawa. Na riƙe igiyar Auraki har tafin hannuna ya yi ja. Muka sauka gidan wata tsohuwa da ke saukar da baƙi, ana ce mata Gwaggo Tumba. Sana'arta kiwon ragunan layya, kuma ragunanta ko a bazarar nan gashinsu yana sheƙi. 'Yar gajeriya ce, ba ta da yawan gaisuwa. Tun ba mu gama sauke kaya ba ta fara zagaya dammunan tana shinshina, ta durƙusa, ta tashi, ta sake zagayawa. Ta tambayi wa ya ɗaure, Tanko ya ce shi. Ta ce a sayar mata da dami ɗaya, a kwance shi nan gabanta, ko nawa ne za ta biya. Tanko ya yi dariya, ya ce duk an riga an yi alkawarinsu.

Sai ta juyo wurina. Ta ce mini, a hankali, in na yarda in zo bayan turke tana da magana. Ni kuwa nan take na ce ga ta nan, za a raba ni da Yayana a cuce ni. Na ce mata duk maganar da take da ita ta faɗa a nan, mu ba yara ba ne, kuma mun san irin cinikin tsofaffin birni. Ta dube ni, ta dubi Auraki da takunkuminsa.

"Wanga jaki mi ya yi maka?" in ji ta.

Na ce jakina ne, ba nata ba. Ta juya ta shige cikin gida.

Da la'asar muka bar kayan a gida muka shiga kasuwa, wai mu ga yadda ake ciki. A nan na ga sayen harawa ba wasa ba ne. Mai doki ta gyaɗa yake nema, kore, kuma sai ya girgiza ta ya ga ko yashi zai zubo, domin yashi yana murɗa wa doki ciki. Masu kiwon rago ta wake suke so, mai kwanso, su murza ganyen a tafin hannu su ga ko ya yi gari ko yana da sauran danshi. Mahauci mai turke shi yawa yake so, amma shi ma ba ya ɗauka sai ya zura hannu har hammata cikin damin, ya zaro ta tsakiya ya kai hanci. Wata mata na ji tana wa mai harawa tijara, tana cewa ruwan ƙarshen damina ya taɓa wannan, ko kyauta ba ta so, ba za ta kashe ragonta da hannunta ba. Tanko ya ja ni gefe ya ce ka gani ko, mutanen Gusau tsirfa gare su, dillalansu kuma za su cinye mu ɗanye. Mu wuce Bunguɗu, can akwai Fulanin da ba su tafi kudu da shanun tatsa ba, sun matsu, ba za su tsaya dogon bincike ba. Na lura duk yawon da muka yi rawaninsa yana rufe da rabin fuskarsa. Ya ce haƙori ke damunsa, na yi masa sannu.

Washegari bayan sallar asuba na fito zan ɗora kaya, me zan gani? Gwaggo Tumba ta cire wa Auraki takunkumi. Kansa yana cikin babbar ƙwarya ta dusa, gefe kuma ga ragowar harawar ragunanta, ya kusa cinye runguma guda. Cikinsa ya fito. Jakin hayar kuwa ba ta kai gare shi ba, domin Tanko a ƙofar zaure ya ɗaure shi kusa da inda ya kwana.

Ran nan na yi rashin kunya. Na ce magani ta ba shi don ya riƙa dawowa gidanta, ko kuwa don ya kwanta mini a hanya in sayar mata da shi a banza. Na ce wa ya taɓa ba baƙo dusa kyauta a bazara? Ita ko kallona ba ta yi ba, tana shafa wuyan jakin tana ce masa ya ci, bawan Allah, ya ci. Tanko da ya fito ya ga abin da ya faru, fushinsa ya fi nawa. Na ɗauka kishina yake yi. Muka ɗora kaya muka fita, ban ce mata na gode da masauki ba.

Mun shiga Bunguɗu kasuwa ta cika. Tanko ya ce ni zan tsaya a kan kayan, domin fuskata ta mutanen kirki ce, shi kuma zai zagaya ya turo masu saye. Ba a daɗe ba mutane suka taru, don kayanmu sun fi na kowa kyan gani. Cikinsu akwai wani dattijon Bafillace, Buba, wanda ya ce yana da shanun tatsa da 'yan maruƙa a bakin gulbi, nono ya ƙafe, in harawar ta yi masa zai kwashe duka. Zuciyata ta yi fari, har na fara ganin kaina ina shiga gida da hatsi da zanen Inna.

Ya zura hannu ya zaro ta ciki. Ta ɗan yi duhu, ba kamar ta waje ba. Ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya ce kanwa ta rufe masa hanci, ba ya jin komai. Sai ya ce to a yi yadda aka saba. Na ce yaya aka saba? Mutane suka yi dariya, suka ce lallai baƙo ne. Ashe a kasuwar nan in aka yi shakkar harawa, ba a rantsuwa, ba a dogon musu. Dabbar mai kaya ake ba. Suna cewa mutum yana ƙarya, jakinsa ba ya yi. In ta ci, an saya. In ta ƙi, mai kaya ya san inda dare ya yi masa.

Ni ko a jikina, domin na yarda da kayana. Aka cire wa jakin haya takunkumi aka ajiye masa. Ya faɗa mata kamar zai haɗa da ƙasa, ya cinye, aka ƙara zaro masa ya cinye. Wasu suka ce shi ke nan, ta yi. Buba ya daɗe yana kallon haƙarƙarin jakin, sannan ya ce ai da jaki biyu na zo, a ba ɗayan ma.

Aka ajiye wa Auraki. Ya sunkuya ya shinshina, ya yi atishawa, ya ɗaga kai yana kallon wani wuri. Na tura masa da ƙafa, ya ja da baya. Kunya ta kama ni, na fara tsine wa tsohuwar Gusau a fili, ina cewa ita ta lalata mini jaki da dusa. Na kama kunnensa na danna bakinsa cikin harawar da ƙarfina, ina ce masa ci mana, ɗan banza, kada ka tona mini asiri! Ya fizge, ya juya mata baya.

Buba ya matso. Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar dami ɗaya, ya buɗe shi gaba ɗaya. Kore ɗin nan tafin hannu ne kawai daga waje. Can tsakiya harawar ta dunƙule ta yi baƙi, fumfuna ta yi mata fari-fari, da ya taɓa sai wani gari ya tashi mai warin ruɓa. Ruwa ya doke ta tun da kaka, aka naɗe ta da danshinta. Aka yanke na biyu, haka. Na uku, haka. Na waiga ina kiran Yaya Tanko, Yaya Tanko. Wani mai sayar da igiya ya ce in dogon nan mai rawani nake nufi, ya ga fitarsa tun lokacin da jakina ya yi atishawa.

Kafin in ankara an cakumi wuyan rigata. Wani ya ce a kai ni wurin sarkin kasuwa, wani ya ce a fara ba ni kashi tukuna, wani kuma ya ce a ƙwace jakin ya zama tara. Na rungume wuyan Auraki ina cewa su dake ni yadda suke so, amma jakin na tsohuwata ne. Buba ne ya ɗaga sandarsa ya shiga tsakani.

"Ku sake shi," in ji shi. "Wanda ya san abin da ya ɗauro ba ya zuwa da jaki mai ƙoshi. Kuma ba ya danna bakin jakinsa a ciki."

Aka sake ni. Aka ja dammunan bayan kasuwa aka sa musu wuta, ina tsaye ina kallon dakon rani guda yana hayaƙi. Buba ya ce in biyo shi ruga da jakunan biyu, matarsa ta dama mini fura, ta gero, irin tamu. Na sha ina hawaye, kuma ban tambayi kaina me suke nema a wurina ba.

Tun da yamma jakin haya ya fara birgima yana harbin cikinsa. Cikin ya kumbura ya yi tauri. Fulanin suka ɗura masa man shanu da jiƙon sassaƙe, suka yi ta zagayawa da shi don kada ya kwanta. Maganin bai yi ba. Washegari da hantsi ya miƙe ƙafafu, ya mutu. Na tsaya a kansa, Auraki yana bayana yana kaɗa wutsiya yana korar ƙuda, na tuna yadda na kama kunnensa ina dannawa. Sai na zauna a ƙasa.

Tanko ban sake ganinsa ba. Daga baya na ji a bakin fatake cewa ba ni ne ƙanensa na farko ba, kuma kukar kowane gari ya sani.

Na koma Gusau a ƙasa, ina jan Auraki, don na kasa hawansa. Na daɗe a ƙofar gidan Gwaggo Tumba kafin in iya yin sallama. Na same ta a turke tana ba raguna ruwa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ta yafe mini. Sai ta zagaya jakin, ta taɓa cikinsa, ta buɗe bakinsa ta duba. Ta tambayi ina ɗayan, na gaya mata. Ta yi salati, ta ce shi ma ta so ta kai gare shi.

Na ce, "Gwaggo, ashe kin sani."

Ta ce tun muna sauke kaya hancinta ya gaya mata, shekara nawa tana sayen harawa, kanwa ba ta rufe mata wari. Ta kuma san abin da ya sa ake kai jaki kasuwar Bunguɗu da yunwa. Na ce to me ya sa ba ta fito fili ta gaya mini ba?

"Na kira ka bayan turke, ka ce kun san cinikin tsofaffi," in ji ta. "Kai ba ka jin magana, yaro. Sai na gaya wa jakin."

Ta kwance igiyar daga hannuna, ta ɗaure shi kusa da ragunanta, ta ce in je in wanke ƙafa, akwai tuwo. A gidanta na ƙarasa bazarar ina yi mata dakon ruwa da harawa, kowane dami kuwa sai na zura hannu har hammata kafin in ɗora. Ruwan farko yana sauka na kama hanyar gida, da ɗan hatsin da bai cika taiki ba. Inna ba ta ko dubi hatsin ba. Ta zagaya Auraki tana shafa shi, ta ce ashe na kula da shi, har ƙiba ya yi. Na ce mata ba ni ba ne.